Ranar da Balamani Ta Karɓi Haihuwa a Rumfar Takalma

Duk wanda aka haifa a Gurrampalli kafin a gina asibitin bakin titi, hannun Balamani ne farkon abin da ya taɓa jikinsa a duniya. Ita ta jawo shi, ta yanke masa cibi, ta kife shi a kan ƙaurinta ta mulke shi da man riɗi. Da gidan bulo da bukkar kaba duk ɗaya ne a wurinta, in dai an ce mace na kan gwiwa. Amma da zarar yaro ya yi wayo, in ɗan tudu ne, unguwar masu taƙama da asali, abin da uwarsa za ta fara koya masa shi ne kada ya kuskura ya ci wani abu daga hannun matar nan.

A unguwar majema take, can gangare bayan kududdufi, inda warin fata ba ya barin iska. Ungozomanci a hannun surukarta ta koya tun tana amarya. Mijinta Pocayya mai ɗinkin takalmi ne da haɗa ganga, tari ya kashe shi shekara goma sha biyu da suka wuce. Ɗanta yana birni yana jan keke mai ƙafa uku, 'yarta tana aure a wani gari. Ita kaɗai ta rage a ɗaki da akuyarta da ciwon gwiwa. Kullum da ganyen tauna a kumatunta, bakin nan ja wur, kuma in ta tofar da yawu kusa da ƙafarka ka san ka faɗi wata maganar banza ke nan. Yara da manya Awwa suke ce mata, wato kaka.

A shekarar da nake ba da labari, doka ta ware wa mata kujerar shugabancin ƙauye. Mai gonakin da ya fi kowa ƙasa a garinmu ya tsayar da matarsa Padmaja, wadda muke kira Dorasani, uwar ɗakin gari. Ƙuri'un gangare kuwa sun kusa rabin gari. Sai ga shi wata safiya an ga Dorasani da kanta ta gangaro unguwar majema, ta tattare bakin sarinta, dogon zanin da matanmu ke naɗawa, sama da idon sawu, tana numfashi ta baki. Ta ce ta ɗauki hayar bas, za ta kai matan gari ziyara wurin mutum-mutumin wani waliyyi, na tudu da na gangare duka a mota ɗaya.

"Tunda waliyyin nan ya ce duk ɗaya muke, Awwa, ai gara mu je mu gaishe shi tare," in ji ta.

Da ta tafi, Saroja maƙwabciyar Balamani ta leƙo ta kan danga tana dariya. "Kin ji ko? Duk ɗaya muke. Shekara talatin tana gari, sai yau ta gano hanyar unguwarmu."

"Bari ta neme mu," Balamani ta ce. "Ni ba don ita zan je ba."

Gaskiya ta faɗa. Labarin waliyyin nan ya daɗe a ranta. Pocayya ne ya ba ta shi yana tsaka da ɗinki: wai malaminsa ya raɗa masa wata addu'a a kunne, ya ce duk wanda ya ji ta ya tsira, amma in ya faɗa wa wani shi zai shiga wuta. Shi kuwa sai ya hau can ƙololuwar ɗakin bauta ya ƙwala wa gari kira, ya faɗe ta da ƙarfi kowa ya ji, har da majema da masu shara. Ya ce in shigarsa wuta za ta tsirar da mutanen nan, to a bar shi ya shiga.  Don haka ranar tafiya ta fito da koren sarin da ta sa a bikin 'yarta, ta shafa man kwakwa a kai, ta soka farin fure a gashi, abin da ba ta yi ba tun mutuwar mijinta. Ko ganyen tauna ba ta sa a baki ba, wai kada ta je gaban waliyyi da jan baki.

A mota babu wanda ya ce wa kowa ga wurin zamanki. Amma kafin direba ya tayar, matan tudu sun cika gaba, na gangare suna baya, an bar kujeru biyu a tsakiya an ɗora jakunkuna. Saroja ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Dubi jakunkunan can, Awwa. Su ma wane asali ne? Na ga ba su bi mu ba, ba su bi su ba."

 Balamani ta kafa ido ga taga, gonakin auduga da na shinkafa suna wucewa.

Tun da sauran tafiya aka hango shi. Yana zaune a kan wani tudu, ya harɗe ƙafafu, ya haɗa tafin hannu a ƙirji, rana tana dukan jikinsa yana ƙyalli kamar an kunna wuta. Bishiyar giginya ba ta kai masa ko gwiwa ba.  Balamani ta haɗa hannuwanta ita ma, ta ji idonta ya kawo ruwa.

Suka tuɓe takalma a wata doguwar rumfa ta kwano da ke bakin ƙofa, suka shiga layi. Layi ɗaya ne tak, kuma wannan ya burge ta. Ga wani mai tumbi da sarƙar zinariya a gabanta, ga wata 'yar ƙauye da goyo a bayanta, kowa ƙafa ba takalmi a kan dutse mai zafi. Lasifika tana ta maimaitawa cewa a gaban Ubangiji babu babba babu ƙarami. Ta hau matakala fiye da ɗari tana dafa gwiwa, tana hutawa, har ta isa gindin waliyyin ta kai goshinta ƙasa. Ta yi wa Pocayya addu'a. Malamin da ke raba ruwan albarka ya zuba mata a tafin hannu kamar yadda ya zuba wa kowa, bai tambaye ta 'yar gidan wa ce ba. Da a nan aka juya gida, da ta mutu tana yabon ranar.

A zauren cin abinci aka fara ɓata mata rai. An zaunar da mutane sahu-sahu a ƙasa, an shimfiɗa wa kowa ganye, ana bi ana zuba shinkafa mai tsamiya da zazzafan kunun madara. Balamani ta kai loma ta biyu ke nan sai ga Dorasani ta zo ta durƙusa kusa da ita, ƙanin mijinta yana biye da waya a ɗage.

"Awwa, buɗe baki. Yau ni zan ciyar da ke. Ke kika karɓi 'ya'yana uku, ai uwa ce ke a wurina."

Ta dunƙula shinkafa da yatsu uku ta miƙo, amma ta tsayar da hannun nesa da leɓe, ta jefa lomar ciki kamar mai ba kare. Rabi ya zube a kan koren sarin.

"A sake, ba ta fito ba," in ji ƙanin mijin. "Awwa, yi ɗan murmushi mana. Dorasani, dafa kafaɗarta."

Aka sake har sau uku. Balamani ta haɗiye shinkafar da ƙyar, ta ji ta kamar tsakuwa. Da aka tashi wanke hannu, ta zaga bayan zauren inda famfuna suke, sai ta iske Dorasani a na ƙarshe. Ta fito da sabulu daga jaka tana dirzar hannun nan har gwiwa, tana bin tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana goge ƙarƙashin farce, fuskarta a yamutse. Ta yayyafa ruwa a kanta sau uku tana motsa baki. Da ta ɗago suka haɗa ido.

"Maiƙo ne, Awwa," ta ce. "Sun cika man shanu."

Wannan hannun ne Balamani ta riƙe kwana guda cur a haihuwar fari, yana matse nata har ya bar mata shaidar farce.  Ta tsaya a famfon ta kurkure baki har sau biyar, ita ma ba maiƙo take wankewa ba.

Wajen la'asar suka dawo rumfar takalma. Jama'a ta yi yawa, kowa yana laluben nasa, sai aka ji wata ƙara. Wata yarinya ce mai shuɗiyar rigar ma'aikata, tsintsiya da bokiti a gefenta, ta durƙushe tsakanin kantocin takalma ta dafe ƙugu. Ciki ne haihuwa yau ko gobe, kuma faya ta riga ta fashe, ruwa yana bin siminti yana gangarawa ƙarƙashin takalman mutane.

Abin da Balamani ta gani a daƙiƙar nan ba ta taɓa mantawa da shi ba. Matan da suka sauko yanzun nan daga gindin waliyyi, goshinsu da jan alamar ibada, suka dare kamar an jefa maciji. Wannan ta ɗage zani, waccan ta fizgo 'yarta, wata tana ihu a ciro mata takalminta kafin ruwan ya taɓa shi. Wani dattijo ya toshe hanci ya ce yau ziyararsa ta lalace, sai ya koma ya sake wanka. Shugaban masu shara ya iso a guje da kati rataye a wuya, yana faɗa.

"Bujji! Ban ce ki daina zuwa ba? Tashi! Ku kama ta a fitar da ita bayan ƙofa, nan wuri ne mai tsarki. An kira motar asibiti, ta jira a bakin titi."

Ba wanda ya kama ta, don ba mai son taɓa ta.

Balamani ta ratsa mutane ta durƙusa, ta manta da gwiwa. Ta dafa cikin, ta leƙa, ta san babu zancen mota.

"Na nawa ne, 'yar nan?"

"Na uku, Awwa. Wayyo, zan mutu!"

"Ba yau ba. Kan ɗan yana hanya. Kai mai kati, in ka matsa kusa da ita sai na sa ka karɓi ɗan da hannunka. Kore mazan nan." Ta juya wurin matan garinmu. "Ku zo ku kewaye mu, ku buɗe zannuwa a yi labule."

 Dorasani ta juya baya tana magana a waya. Matan tudu suna kallon rufin kwano kamar an rubuta wani abu a kai. Wannan bai ba Balamani mamaki ba. Ta ɗaga murya.

"Saroja! Ke nake jira."

Saroja ta matso taku biyu, ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya. "Awwa, kin ga bokitinta kuwa? Ba sharar fili take yi ba. 'Yar masu wanke bayan gida ce. Mu ma fa ba ma taɓa su."

Balamani ta ɗago ta dube ta. Saroja ce, wadda tun safe take yi wa matan tudu ba'a. Saroja da aka taɓa marin ɗanta don ya sha ruwa a famfon makaranta. Kuma abin da ya fi ci wa Balamani rai shi ne, ita ma ta ga bokitin tun da fari, ita ma sai da hannunta ya ɗan tsaya kafin ta kai shi kan cikin. Bai fi ƙiftawar ido ba, amma ya tsaya. 

"Mu ma?" ta ce. "Mu su wa? Ke da kike warin jima tun daga nan har gida? Na ciro ki daga cikin uwarki kina nannaɗe da kashi, ban ji ƙyamarki ba. Buɗe zanin nan kafin in tsine miki a gaban mutumin can na sama."

Saroja ta warware haɓar sarinta ta riƙe, fuskarta a juye. Wasu mata biyu na gangare suka bi bayanta, jiki a sanyaye. Saura gefe ɗaya a buɗe, sai Balamani ta kwance rabin koren sarinta ta rataya a kan kantar takalma.

Ba a daɗe ba. Bujji ta damƙe ƙarfen kantar tana nishi, Balamani tana zaginta tana lallashinta, irin yadda ta saba. "Yunƙura, 'yar banza, yunƙura, uwata. Da kika je wurin mijinki wa ya kira ni? Yauwa, haka. Tsaya, tsaya, kada ki tura." Cibiya ta naɗe wuyan ɗan zagaye ɗaya. Ta zura yatsa ta zare ta, sai ga shi ya sulɓo a tafin hannunta, namiji, shuɗi-shuɗi, ba motsi. Ta kwashe majinar bakinsa da ɗan yatsa, ta sa bakinta a kan hancinsa ta tsotse ta tofar, ta murza bayansa da ƙarfi. Sai ya tsandara kuka, har ya danne lasifikar da har yanzu take faɗin babu babba babu ƙarami.

Ta ce a kawo ruwan zafi da wuƙa, ba ta sa ran kowa zai motsa ba. Sai ga wani tsoho mai dafa abinci daga zauren, da zaren malamai a kafaɗarsa, alamar asalin da ya fi kowane ɗaukaka, ya kawo tukunya tana tururi da sabuwar reza a takardarta. Balamani ta nuna masa ƙasa ya ajiye, kamar yadda aka saba yi wa majema don kada hannu ya taɓa hannu. Shi kuwa ya miƙa mata hannu da hannu, har yatsunsa suka taɓa jinin da ke nata, ya ce, "Sannu, Yaya," ya koma aikinsa. A cikin ɗaruruwan mutanen da ke wurin shi kaɗai ne. Ta zare zare daga bakin sarinta ta ɗaure cibi, ta yanke.

Motar asibiti ta iso bayan an gama komai. Ma'aikaciyar jinya ta duba uwa da ɗa ta ce wa ya yi wannan aikin, an yi shi da kyau. Ana ɗaga Bujji ta kamo ƙafar Balamani tana kuka tana tambayar sunan garinsu. Kafin motar ta fita ƙofa, mai kati ya sa an jawo tiyo ana wanke rumfar, mutane suna faɗa a kan wa zai biya su takalman da suka jiƙe.

Balamani ta wanke hannu da ƙafa a famfo, ta mayar da sarin jikinta. Jini ya ɓata shi daga ƙugu har ƙasa. Da ta isa bas kowa ya zauna. Ƙanin mijin Dorasani yana tsaye a ƙofa, ya shimfiɗa buhun leda a kan matakalar mota.

"Awwa, kin yi aikin lada, wallahi. Sai dai mata suna cewa ba ki yi wanka ba, kuma mun ɗauko abincin albarka za mu kai gida. Ki daure ki zauna nan, akwai ma iska."

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. "Kai ne wanda ya zo duniya ta ƙafa, ko? Kwana biyu uwarka tana fama da kai. Matsa."

Ya matsa. Ta hau ta wuce ledar, ta zauna a kujerar farko, cinya da cinya da Dorasani. Dorasani ta miƙe zumbur kamar ta zauna a kan garwashi, ta ce iskar gaba tana sa mata ciwon kai. Matan da ke kusa suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, suka ture jakunkuna, suka cusu a tsakiya har wasu suna zama a cinyar wasu, har wasu sun dangana da sahun matan gangare. Balamani ta miƙe ƙafafunta a kan kujeru uku. Ta kwance ƙullin haɓar zaninta ta ciro ganyen tauna ta cusa a baki. Motar na juyawa waliyyin ya sake bayyana ta taga, rana ta yi ja a bayansa. Ba ta haɗa hannu ba wannan karon. Ta dai kalle shi har tudu ya rufe shi.

Sati guda ba ta yi wa Saroja magana ba. Ita kanta Balamani abinci bai shiga mata da daɗi ba, don duk lokacin da ta dubi hannunta na dama sai ta tuna tsayawar da ya yi. Dorasani ta ci zaɓe. Ranar zaɓen Balamani ta ce gwiwarta ta tashi, ba ta fita ba.

Kwana ashirin da ɗaya bayan haihuwar, mijin Bujji ya zo a kan babur yana tambayar gidan ungozoma, wai ana sa yaro a shimfiɗar lilo za a raɗa masa suna, kuma uwar ta rantse ba za a yi ba sai da ita. Balamani ta hau bayan babur ɗin a gaban duk unguwa, ta dafa kafaɗarsa. Ta yini a can bayan gari inda masu wanke bayan gida suke zaune, ta ci shinkafarsu da miyar kaza, ta sha bammi, ta rera wa yaron waƙa. Da ta dawo, wasu matan majema suka daina karɓar wuta daga murhunta na ɗan lokaci. Ta ce madalla, itacenta ya huta.

Tana nan har yanzu, ta haura saba'in, ba ta karɓar haihuwa sai dai wankan jego da gyaran ciki in an matsa mata. Ziyarar ta zama al'ada, duk shekara bas yana zuwa, duk shekara ana aiko mata, ita kuwa sai ta tofar da jan yawu ta ci gaba da abin da take yi. Bara malamar makarantar gari ta tsaya ta tambaye ta ko ta yi fushi da waliyyin ne.

"Shi me ya yi mini?" Balamani ta ce. "Ya faɗi gaskiyarsa, suka narka ƙarfe suka dasa shi a wuri ɗaya. Da yana iya tashi, 'yar nan, da tuni ya kakkaɓe zaninsa ya bar musu tudun."